Kwantsar da ta ƙi ƙarewa: yadda aka gano bushewar ido a karyar gidan yayana

Karyar shekararta shida, jinsin Lasa Afso ce, irin ƙananan nan masu gashi buzu-buzu da yake rufe musu fuska, waɗanda yanzu suka cika gidaje a Kaduna da Jos da Abuja. Yayana ba don ado ya ajiye ta ba, a cewarsa ta fi maigadi kunne, ko ɓera ne ya gifta bakin get sai ta tashi gidan da haushi. A waje take kwana, tana da ɗan kejinta kusa da gareji, kuma katin rigakafinta cike yake ba a taɓa tsallake shekara ba.

Abin ya faro ne wajen ƙarshen damina. Da safe sai a ga kwantsa ta taru a idonta na dama, ba irin 'yar busasshiyar nan da kowane kare yake tashi da ita ba, wannan mai kauri ce mai yauƙi, launinta tsakanin toka da kore-kore, in ka goge da auduga sai ta biyo hannunka tana zare, kafin azahar kuma ta sake taruwa. Farin idon ya yi ja. Tana yawan ƙifce-ƙifce, in rana ta take sai ta runtse shi gaba ɗaya, sannan ta koma goga fuskarta a jikin taya ko a siminti. Da hunturu ya shigo sai na hagun ma ya kama, kowa a gidan yace ai ƙura ce, yara kuma suna ta tsokana wai afolo ne ya kama ta.

Aka kai ta asibitin dabbobi na unguwa, wajen likitan da ya saba yi mata allura. Ya buɗe idon ya haska da tocila, yace ƙwayoyin cuta ne suka shiga, ya bada maganin ɗigawa na antibayotik. Kuma fa ya yi aiki, cikin 'yan kwanaki kwantsar ta ragu sosai, jan ya sauka. Kwalba na ƙarewa abu ya dawo sabo. Aka koma, ya canza wani antibayotik ɗin, shima haka, sauƙi sannan dawowa. Daga baya sai ya bada wani mai haɗin antibayotik da sitiroid, wato maganin kwantar da kumburi, irin mai deksametazon a ciki, wannan kam shi ya fi kowanne saurin kwantar da jan idon har yayana yake cewa an dace.

Ni dai zuwan farko ban ga laifin likitan ba. Lokacin hunturu ne, karnuka masu jan ido suna ta zuwa masa, mafi yawansu kuma da gaske ƙura ce ko gashi ya shiga ido, a ɗiga magani su warke shikenan. Inda nake da ja shi ne da abu ya tafi ya dawo, ya sake tafiya ya sake dawowa, a ido biyu, a jikin Lasa mai shekara shida. Wannan tsarin na tafiya da dawowa shi kansa alama ce, kusan babu littafin idon dabbobi da bai ce kare mai kwantsa mai kauri a auna masa hawaye kafin komai ba.

Dalilin da yasa antibayotik yake ruɗar mutane a wannan ciwon mai sauƙi ne. Hawaye ba na kuka ba ne kawai, shi yake wanke ido duk ƙiftawa ɗaya, yana ɗauke da sinadaran da suke kashe ƙwayoyin cuta, kuma baƙin ido da yake ba shi da jijiyoyin jini daga hawayen yake samun iskar shaƙa da wani ɓangare na abincinsa. Hawa uku gare shi, akwai maiƙo a sama wanda yake fitowa daga gefen fatar ido yana hana shi saurin ƙafewa, akwai ruwan a tsakiya wanda shi ne mafi yawa, sai majina a ƙasa da take manna shi a jikin ido. In ruwan tsakiyar ya yi ƙasa majinar ba ta fasa fitowa, ƙaruwa ma take yi, ga kuma babu abin da zai wanke ta, ita ce kwantsar nan mai zare. Ƙwayoyin cuta sai su samu wurin zama. Ka ɗiga antibayotik ka kashe su, ga kuma maganin kansa ruwa ne yana ɗan jiƙa idon, sai ka ga sauƙi. Amma rijiya ce ta ƙafe ana ta wanke guga.

Matar yayana ce ta fara cewa a canza wuri. Ita ta lura idon dama ya daina sheƙi, ya dushe, kuma wani tabo mai ruwan ƙasa ya fara tahowa daga gefe yana hawa baƙin idon, da magariba karyar har karo take yi da bokiti. Yaya kuma kunya ta hana shi, cewa yake mutumin nan tun tana kwikwiya yake duba ta, ko tsakar dare ka kira shi yana ɗauka, in ya ji an kai ta wani wuri ai sai yace an raina iliminsa. Ana cikin haka maƙwabta suna ta kawo tasu, wannan yace zuma, wancan yace ruwan gishiri, wata tsohuwa ma tozali tace a sa mata. Allah ya taimaka ba a yi ko ɗaya ba.

Nace masa Yaya ai ba ɓoyewa za ka yi ba, kira shi za ka yi ka gaya masa, ka ce ya rubuto maka sunayen duk abin da ya bayar da lokacin da ya bayar. Da ƙyar ya kira. Abin mamaki likitan ko a jikinsa, cewa ya yi Alhaji gara haka, ni ma abin ya fara ɗaure min kai kuma ba ni da kayan gwajin ido a nan, ya turo jerin magungunan ta WhatsApp, har ya ba da shawara in da hali a nemi babban asibiti, ya ambaci asibitocin koyarwa na likitan dabbobi irin na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ga kuma na Sakkwato da Maiduguri ga wanda ya fi kusa da can. A ƙarshe dai wani asibiti mai zaman kansa aka je, wajen wata likita da take yawan duba ƙananan dabbobi. Tun a waya tace kar a wanke idon kar a ɗiga komai ranar da za a zo, kuma a zuba duk wata kwalba da fakitin magani da karyar ta taɓa sha ko aka ɗiga mata a leda a taho da su, har waɗanda suka ƙare.

Abin da ta fara yi bai kai minti biyu ba. Wata 'yar siririyar takarda ce mai layukan awo a jiki, ta lanƙwasa bakinta ta maƙala a cikin fatar ido ta ƙasa, ta riƙe idon a rufe tana duba agogo, minti ɗaya cif ta cire ta duba inda jiƙar ta kai. Gwajin Shirma ake ce masa, sunan wani likitan ido ne Bajamushe, Otto Schirmer, wanda ya fito da shi a 1903, har yau kuma da shi ake amfani ga mutum da dabba. Lafiyayyen kare yana jiƙa milimita 15 zuwa 25 a minti ɗaya. Daga 11 zuwa 14 ana sa ido, 10 zuwa ƙasa bushewa ce tabbas, 5 zuwa ƙasa kuma ta yi tsanani. Tamu ta ba da 3 a dama, 8 a hagu. Likitar ta ajiye takardun biyu a gaban yaya tace Alhaji ga ciwon nan, sunansa na asibiti dogo ne, a taƙaice KCS suke cewa, bushewar ido kenan.

Dole gwajin nan ya riga komai, shi yasa tace kar a taɓa idon, in an riga an ɗiga wani abu ko an wanke sai lissafin ya ɓaci. Bayan shi ne ta ɗiga wani rini mai ruwan lemo, fuloresin, ta kashe fitila ta haska da shuɗin haske. A idon dama wani wuri ɗan ƙarami ya kama kore shar. Gyambo ne a kan baƙin ido. Nan ta ɗauko kwalbar mai sitiroid daga cikin ledar ta ware ta gefe tace daga yau an daina wannan, saboda sitiroid yana hana gyambon ido haɗewa kuma yana iya sa ya zurfafa har ido ya huje, a busasshen ido kuwa hakan yana faruwa da sauri. Ba ta zagi kowa ba, cewa kawai ta yi ƙa'ida ita ce ba a sa sitiroid a ido sai an yi gwajin rinin nan an tabbatar babu rauni. Ta kuma auna ƙarfin ruwan cikin ido don kar a ce hawan jinin ido ne, wannan lafiya lau.

Daga nan sai tambayoyi, kuma a nan ne lamarin ya ɗan juya. Ta tambaya ko an taɓa yanke mata wani jan ƙullutu a kusurwar ido. Kare yana da fatar ido ta uku a lungun da ke kusa da hanci, a gindinta akwai wani ƙullutu da yake samar da kusan kashi ɗaya cikin uku na hawaye, wani lokacin yakan ɓullo waje ja jawur, a da yanke shi ake yi a yar, sai bayan shekaru kare ya kamu da bushewar ido, yanzu mayar da shi ake yi a ɗinke. Ba a taɓa yi mata ba. Ta duba katin rigakafi saboda distemfa, cutar nan mai sa majina da tari da taurin tafin ƙafa da karkarwa, ita ma tana lalata ƙullutun hawaye, kati ya nuna an yi. Ta leƙa kunnuwa ta taɓa hanci, tace in jijiya ce ta samu matsala, misali daga ciwon can cikin kunne, yawanci ido ɗaya ne yake bushewa kuma ƙofar hancin wannan ɓangaren ita ma sai ta bushe ƙamas, irin wannan maganinsa daban ne, filokafin ake ba su. Hancinta a jiƙe yake duka biyu. Ta ɗebi jini ta duba suga, don ciwon suga da raunin ƙullutun maƙogwaro suna tafiya da ƙarancin hawaye, ta haɗa da gwajin zazzaɓin kaska tunda a nan ƙasar shi ma yana jawo jan ido. Duka babu.

Sai ta zazzage ledar. A ƙasa akwai fankon katin Septrin. Matar yaya tace ai wannan tun damina ne, lokacin da ta yi gudawa kuma ga wani ƙurji a cinya, yaron gida ya karɓo a kemis ana murmusa mata a abinci, da aka ga yana aiki sai aka ci gaba har wajen wata guda. Likitan farko bai taɓa jin wannan labarin ba, bai tambaya ba su ma ba su ga dalilin faɗa ba tunda ai ba maganin ido ba ne. To magungunan dangin salfa, irin kotirimoksazol, wato Septrin ɗin nan, da salfasalazin da salfadimidin, sanannu ne wajen taɓa ƙullutun hawayen kare, wani in an daina da wuri ya farfaɗo, wani kuma shikenan har abada. Yaya har ya fara faɗa yana neman yaron, likitar ta tare shi tace Alhaji a yi haƙuri, ba zan iya rantsuwa cewa shi ne ba. Mafi yawan karnuka masu wannan ciwon garkuwar jikinsu ce take juyowa ta cinye ƙullutun da kanta, kuma Lasa tana cikin jinsunan da aka fi gani da shi, ita da Shizu da Fug da Buldog da Koka Sifaniyel, shekarunta ma daidai lokacin da yake fitowa ne. Mai yiwuwa dama tana hanya maganin ya ƙarasa tura ta. Ko wanne ne dai magani ɗaya ne, sai dai a rubuta a katinta da jan biro kar a sake ba ta salfa.

Maganin da yake sa hawayen ya dawo shi ne saikulosforin. Asalinsa na masu dashen ƙoda ne, yana danne garkuwar jiki, wata likitar idon dabbobi a Jami'ar Jojiya ta Amurka, Renee Kaswan, ita ta gano a shekarun 1980 cewa in an sa shi a idon kare ƙullutun yana farfaɗowa, daga nan aka yi man ido mai suna Optimmune mai ƙarfin kashi 0.2 cikin ɗari, kuma daga aikin nan ne ma aka samo na mutane daga baya. Sau biyu a rana ake sawa, safe da dare, tsakani awa 12. Likitar ta gaya masa gaskiya tun farko, tace ba ya aiki a kwana biyu, sai an yi wata ɗaya zuwa biyu, wani har uku kafin a yanke hukunci. Karnukan da gwajinsu ya nuna 2 zuwa sama wajen kashi 80 cikin ɗari suna amsawa, waɗanda suka sauka 0 ko 1 kuwa kusan rabi ne kawai, saboda ƙullutun ya riga ya mutu ya zama tabo. Wato da an ƙara wasu watanni ana zagaye da antibayotik da idon dama ya faɗa wancan rukunin.

Samun man shi ne aiki. Babu shi a kemis ɗin unguwa, sai da aka yi oda daga Legas, kuma ɗan tub ne giram 3.5 amma kuɗinsa sai da yaya ya yi salati. Kafin ya iso aka fara da abin da ke hannu, antibayotik mara sitiroid saboda gyambon, da hawayen kwalba mai kauri irin na jel ana sawa duk bayan 'yan awanni, da abin wuya na roba don kar ta sosa. Aka aske gashin fuskar tas. Ta koya wa matar yaya tsarin, a fara jiƙa auduga da ruwan dirif a share kwantsar, auduga daban ga kowane ido, sannan mai ruwa-ruwa ya riga shiga, a jira minti biyar zuwa goma, man shafawa ya zo ƙarshe don in ya riga sai ya toshe wa sauran hanya, a wanke hannu bayan an gama. Ta kuma ja kunne a kan magungunan nan na kemis masu cire jan ido nan take, tace jijiyoyin jini kawai suke matsewa, ba su ƙara ɗigon hawaye ko ɗaya.

Wahalar gaskiya ba ta likita ba ce ta gida ce. Mutum ya tafi ofis, yara suna makaranta, wa zai ɗiga na rana? Maigadi aka koya wa, shi kuma da farko ƙyamar taɓa ta yake yi, sai da aka sayo masa safar hannu. Keji ma aka matsar da shi daga inda iskar hunturu take bugowa kai tsaye, aka rataya buhu a gefe ɗaya.

Gyambon ya haɗe cikin kusan sati biyu, rini bai sake kamawa ba. Da aka cika wata ɗaya da fara man aka maimaita gwajin takarda, wannan karon tace a sa man da safe kamar kullum kafin a zo don a ga aikinsa, hagu ya hau 14, dama 6. Yaya ya so ya karaya da na daman, ta ce a ƙara lokaci. A wata na uku hagu 17, dama 10, kwantsa ta koma 'yar kaɗan da safe kawai, idon ya dawo da sheƙinsa. Tabon ruwan ƙasan ya ɗan ja baya amma bai tafi duka ba, kuma inda gyambon yake ya bar 'yar hakiya. Tana gani, ta daina karo da kaya, sai dai in ka zo mata ta dama da dare takan ɗan firgita.

Ta yi masa bayanin abin da zai biyo baya in daman ya tsaya ko ya koma ƙasa. Akwai saikulosforin mai ƙarfi, kashi 1 ko 2, wanda masu haɗa magani suke haɗawa a cikin mai, akwai kuma takrolimus wanda wasu karnukan da suka ƙi amsa na farko suke amsa shi. In duk sun gaza akwai tiyata, a ɗauko bututun yawu na gefen kumatu a juyo da shi cikin ido, yawu ya maye gurbin hawaye, kare yana ganin abinci sai ido ya cika da ruwa. Tace tana da nata matsalolin, gishirin yawu yana taruwa a kan ido, gefen fuska kullum a jiƙe har fata ta yi ciwo, kuma sai ƙwararre, don haka ba abin gaggawa ba ne, tamu ba ta kai can ba.

Akwai lokacin da tub ya ƙare odar ba ta iso ba, yaya kuma ganin ido ya yi garau yace bari a gani ko ta warke. Ba a rufa sati uku ba kwantsar mai zare ta dawo a dama, aka auna ya sauka 7. Da aka koma kan man ya sake hawa amma a hankali. Wannan ya nuna cewa ko salfa ne ya tayar ko garkuwar jiki, ƙullutun dai ba zai tsaya da ƙafarsa ba, magani ne na muddin rai.

Rahoton da ta rubuta, da sakamakon gwaje-gwajen da sunayen magunguna da gargaɗin salfa, yaya da kansa ya kai wa likitan unguwa. Shi yake ci gaba da yi mata rigakafi da maganin tsutsa da na kaska, ya kuma yi odar fakitin takardar Shirma da ta fuloresin, don haka awon da ake yi duk bayan wata uku zuwa shida yanzu a wajensa ake yi, ya ɗauki hoton takardar ya tura wa likitar, sai in lamba ta faɗi ƙasa da 10 ko an ga tana runtse ido ne ake ɗaukarta a tafi can. Man kuma tub biyu ake saye a lokaci ɗaya, ana buɗe na biyun ake yin sabuwar oda.